Daga Maraɗi Zuwa Jibuti, Ƙasar da Ke Ci da Bakin Ƙofarta

Sana'ata ita ce fito wa 'yan kasuwar Maraɗi da kayansu daga tashar jiragen ruwa, da bin takardunsu a kwastan har kaya su iso rumbu. Tun da aka rufe iyakar Nijar da Benin bayan juyin mulkin watan Yulin 2023, kayan da muka saba ɗaukowa daga Kwatano suka koma zagaye ta Lome da Burkina Faso, suna jiran rakiyar soja, kuɗin mota ya hau, lokaci ya ninka. Wanda ƙasarsa ba ta da teku kullum tunaninsa yana kan mai riƙe da ƙofa. Saboda haka da wani abokin sana'a ɗan Habasha, wanda ofishinsu ke da reshe a Jibuti, ya ce in zo in ga yadda suke nasu aikin, ban tsaya dogon shawara ba. Na nemi biza ta intanet, na jira sanyi ya shigo domin an gargaɗe ni da zafin ƙasar, sannan na kama hanya.

Daga Maraɗi zuwa Yamai a bas, daga Yamai zuwa Adis Ababa a jirgin sama, babu abin ba da labari. Daga Adis Ababa kuwa na ƙi sake hawa sama, na zaɓi jirgin ƙasa, domin ina so in bi hanyar da kaya ke bi. Layin dogon na lantarki ne, tsawonsa kimanin kilomita 750, kamfanonin ƙasar Sin ne suka gina shi da bashin bankin ƙasarsu, kuma ya fara jigila sosai a farkon 2018. Shi ya gaji tsohon siririn dogon da Faransawa suka fara shimfiɗawa a 1897, wanda bai isa Adis Ababa ba sai 1917. Mun tashi daga tashar Furi-Lebu da sassafe cikin sanyin tsaunuka, kowa a dunƙule cikin bargo, muka yi ta gangara ta Adama, gonaki suna raguwa, ƙaya tana ƙaruwa, har muka sauka Dire Dawa inda na kwana. Washegari jirgin ya tsaya cak a tsakiyar daji, na leƙa ta taga sai ga garken raƙuma suna ƙetare dogo a natse, makiyayinsu da sanda a wuya bai ko dube mu ba. Wani fasinja ya ce mini gara a jira su, domin idan aka buge raƙumi ɗaya, maganar diyya tana iya tsayar da tafiyar fiye da haka nesa ba kusa ba.

A Dewele jami'an Habasha suka buga mana hatimin fita, a ɓangaren Jibuti kuma aka duba bizarmu. Jami'in da ya karɓi fasfona ya juya shi ya sake juyawa, ya tambaye ni da Faransanci ko Nijar ce ko Najeriya, da na amsa masa da harshen sai fuskarsa ta saki, ya ce mini barka da zuwa. Faransanci da Larabci su ne harsunan hukuma a ƙasar, amma abin da kunne ke ji a titi Somaliyanci ne da Afaranci. Daga nan har Ali Sabieh, har tashar Nagad da ke gefen babban birnin, ban ga gona ko ɗaya ba. Mu ma 'yan Sahel ne, mun san fari, mun san rairayi, amma hamadar Jibuti wata iri ce daban: baƙaƙen duwatsu ne na aman wuta zube ko'ina har iyakar gani, sai ɗaiɗaikun itatuwan ƙaya da awaki ramammu. Ruwan saman da ke sauka a yawancin ƙasar bai wuce milimita 150 a shekara ba, babu kogi ko guda da ke gudana shekara cur, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na abincin da ake ci shigo da shi ake yi daga waje. Faɗin ƙasar duka kimanin murabba'in kilomita 23,200 ne, jama'arta miliyan ɗaya da 'yan kai, wato jihar Maraɗi kaɗai ta kusa ninka ta biyu a faɗi, ta kuma ninka ta fiye da sau uku a yawan mutane.

Abin da ya fara girgiza ni a birnin shi ne tsada. Masaukin da abokina ya samo mini kusa da dandalin da har yanzu ake kira da sunan Menelik, ɗaki ne ɗan ƙarami mai gado ɗaya da na'urar sanyaya ɗaki mai ƙara, amma kuɗin kwanansa ya haura jaka talatin ta sefa, abin da zai ba mutum ɗaki na alfarma a Maraɗi. Mai masaukin ya ce in yi haƙuri, wutar lantarki ce ke cinye ribarsa, ita kuwa na'urar ba a kashe ta, domin daga watan Yuni zuwa Agusta zafi kan haura digiri 40, ga iskar nan mai ƙuna da suke kira kamsin. Yawancin wutar ma daga Habasha ake jawo ta tun 2011, haka kuma wani ɓangare na ruwan sha ta bututu yake zuwa daga rijiyoyin Habasha, ragowar kuma daga rijiyoyin gida masu ɗanɗanon gishiri da kuma masana'antar tace ruwan teku da ke Dorale. Na sha ruwan famfo sau ɗaya, daga nan na koma na roba.

Canjin kuɗi ya ba ni mamaki. A gefen titi, kusa da kasuwa, mata ne zaune a kan kujerun roba cikin manyan mayafai masu launi, kowace da jaka a cinya cike da damman kuɗi, dala da yuro da bir na Habasha da faran na Jibuti, babu ɗan sanda a kansu, babu ƙarfe, babu gilashi. Na miƙa wa wata dattijuwa dala ɗari, ta ɗaga ta sama ta duba, ta lasa yatsa ta ƙirgo mini kuɗina ba tare da ta taɓa na'urar lissafi ba. Ba ta buƙatarta, domin faran ɗin Jibuti a ɗaure yake da dalar Amurka a kan faran 177.721 kowace dala tun 1973, bai motsa ba. Ɗan kasuwar da ya ga yadda naira ta yi ta faɗuwa a hannun abokan cinikinmu na Katsina da Kano zai gane darajar wannan. Ƙasar da ke rayuwa da kuɗin baƙi dole ta ba baƙi kuɗin da za su amince da shi, ko da hakan ya sa komai nata ya yi tsada.

Abinci kuwa ya nuna mini hannayen da suka taɓa ƙasar. Da safe dogon burodin Faransawa ne da shayi mai kayan ƙamshi, ko kuma wata 'yar waina mai faɗi da laushi da ake kira lahoh, a zuba mata man shanu da sukari. Da rana shinkafa da naman rago a dafe tare, ko miyar fah-fah ta naman akuya mai barkono. Amma wanda ba zan manta ba shi ne gasasshen kifi irin na mutanen Yaman. Mutum ne zai zaɓi kifinsa da kansa, a tsaga shi biyu a buɗe, a shafe shi da jan yaji, a manna shi a cikin tanderun ƙasa mai zurfi, a fito da shi gefensa ya ɗan ƙone, a kawo shi a kan takarda tare da faffaɗar gurasa da dakakken dabino ko ayaba da zuma. Da hannu ake ci, kuma ba a magana sai an gama.

Ranar da abokina ya kai ni Dorale, inda manyan tashoshin jiragen ruwan ƙasar suke, na gane dalilin wanzuwar ƙasar. Jibuti tana zaune a bakin mashigin Babul Mandab, inda Bahar Maliya ta haɗu da tekun Adan, kuma faɗin mashigin bai wuce kimanin kilomita 30 ba tsakanin Afirka da Yaman. Duk jirgin da zai bi ta mashigin Suwez tsakanin Turai da Asiya sai ya ratsa ta nan. Wannan ne ya sa Faransawa suka sayi garin Obok da ke gaɓar arewacin ƙasar a 1862, daga baya suka mayar da mazauninsu inda birnin Jibuti yake a yau. Sai kuma Habasha, mai mutane fiye da miliyan 120, wadda ta rasa gaɓar teku da Iritiriya ta ɓalle a 1993, ta kuma rasa tashar Asab da yaƙi ya ɓarke tsakaninsu a 1998. Tun daga lokacin fiye da kashi 90 cikin 100 na kayan da Habasha ke shigarwa da fitarwa ta Jibuti suke bi. Na tsaya ina kallon manyan ƙugiyoyin ɗaga kwantena jere a bakin ruwa, ga jirgin alkama ana sauke shi, ga na taki, ga tankokin mai, kuma kusan duk takardar da na leƙa a ofishin abokina adireshin Adis Ababa ne a kanta. Na tambaye shi, cikin raha, ko su ma sukan kwana da fargabar a wayi gari an rufe musu ƙofa. Ya ce, "Alhaji, ruwan da suke sha da wutar da suke kunnawa daga wurinmu suke zuwa. Idan suka rufe mana ƙofa, mu ma muna da abin rufewa." A nan na ga bambancinsu da mu. Tsakaninmu da Kwatano igiyar ba ta kai wannan kauri ba, shi ya sa ta yi saurin tsinkewa.

Tashar kwantenar tana da nata rikicin. Kamfanin DP World na Dubai ne ya gina ta yake kuma gudanar da ita, har watan Fabrairun 2018 da gwamnati ta soke yarjejeniyar ta karɓe tashar. Kamfanin ya kai ƙara kotun sasanci a Landan, ya yi nasara ba sau ɗaya ba, amma tashar tana hannun Jibuti har yau. A gefe guda kuma kamfanin China Merchants yana da kashi 23.5 cikin 100 na kamfanin tashoshin ƙasar, shi ne kuma ke bayan sabuwar tashar da aka buɗe a 2017 da yankin ciniki marar haraji da aka ƙaddamar a 2018. Dogo da bututun ruwa da tasha duk da bashi aka yi su, kuma mafi yawan bashin na Sin ne. Wanda ya ci ladan kuturu dai an san abin da ke jiransa.

Da azahar ta yi sai na ga birnin ya canza. Motocin da ke kawo ganyen kat, wanda ake taunawa domin ya sa nishaɗi, daga tsaunukan gabashin Habasha sun iso, maza suka yi dafifi a gaban 'yan rumfunan katako inda mata ke sayar da shi, kowa ya karɓi ƙunshinsa a leda ko a jiƙaƙƙen tsumma ya nufi inuwa. Kafin la'asar shaguna da yawa sun rufe, mutane sun kishingiɗa a kan tabarmi, kunci ya kumbura, ga kwalbar ruwa ga ta lemo, hira ta ɓarke. Da farko na ɗauka kamar goro ne a wurinmu, amma goro ba ya zaunar da mutum wuni guda, ba ya kuma cinye kaso mai tsoka na abin da magidanci ya samo. Wani direban tasi ya gaya mini ba tare da kunya ba cewa kuɗin kat yake fara cirewa kafin na cefane. Gwamnati tana karɓar haraji a kansa, kuɗin kuma yana komawa Habasha kowace rana ta Allah.

Abu na biyu da ƙasar ke sayarwa bayan tasha shi ne masaukin soja. Faransa tana nan tun kafin 'yancin kai. Amurka ta shiga sansanin Lemonnier a 2002, kuma tun sabunta yarjejeniya a 2014 tana biyan dala miliyan 63 a shekara. Japan ta buɗe nata a 2011, Italiya ma tana da nata, sannan a 2017 Sin ta buɗe sansaninta na farko a wajen ƙasarta, kusa da Dorale, tafiyar 'yan mintoci a mota daga na Amurka. Ni da na fito daga ƙasar da ta sallami sojojin Faransa a ƙarshen 2023, ta kuma sallami na Amurka daga Agadas a 2024, abin ya tsaya mini a rai. Mu mun ɗauki zaman sojan baƙo a matsayin zubar da mutunci, su kuwa sun ɗauke shi haya, suna kuma tara masu hayar da ba sa ga maciji da juna domin kada ɗaya ya zama mai gida. Ban ce tasu dabarar ta fi tamu ba, domin ƙasar da ke da yuraniyom da fetur da gonaki tana da zaɓin da mai baƙin dutse ba shi da shi. Amma na yarda cewa lissafi ne, ba sakarci ba.

Tambayar da ta rage ita ce inda kuɗin ke shiga, kuma amsarta tana Balbala, ƙetaren busasshen rafin Ambuli. Nan ne unguwar da ta ɗauke kaso mai yawa na mutanen birnin, gidajen kwano da katako a kan duwatsu, jarkoki jere ana jiran ruwa, matasa zaune babu aikin yi. Tashar zamani injina ne ke aiki a cikinta, ba ta ɗaukar mutane da yawa, sansanin soja kuwa katanga ce da waya. Daga wasu tudun Balbala ana hango fitilun Dorale suna haske da dare, kuma tazarar da ke tsakanin wuraren biyu ta fi ta kilomita.

Na haɗa kuɗi da wasu baƙi biyu muka ɗauki hayar mota mai ƙarfi zuwa tafkin Asal, kimanin kilomita 120 yamma da birnin. Daga unguwar PK12, inda manyan motocin Habasha ke yin zango, hanyar cike take da tireloli da tankoki, hanci da wutsiya, wasu sun kife a gefen kwalta an bar su nan. Jandarmomi sun tsayar da mu a shinge biyu, suka duba fasfo suka miƙo mana, babu wanda ya nemi na goro, abin da ɗan hanyar Gaya da Dosso ba zai kasa lura da shi ba. Bayan mun rabu da babbar hanya muka bi ta saman Gubbet, wani lungun teku mai duhun ruwa da duwatsu suka kewaye, inda aka kafa dogayen fankokin samar da lantarki da iska, sannan muka fara gangara. Tafkin Asal yana mita 155 ƙasa da doron teku, babu wurin da ya kai shi ƙasa a duk Afirka, kuma gishirin ruwansa ya ninka na teku kusan sau goma. Farin filin gishirin yana kashe ido, yana ƙara a ƙarƙashin takalmi, iska kuma mai zafi ce ko a wannan lokaci na sanyi. Na tsoma hannu na fitar, kafin in kai ga mota ya bushe ya yi fari fat, wani ɗan ƙaramin yanka da ke yatsana kuwa ya yi ta zugi har yamma. Direbanmu ya nuna mana baƙin dutsen Ardukoba da ya yi aman wuta a 1978, ya ce ƙasar nan tsagewa take yi a hankali, wata rana teku zai shigo. Wasu samarin Afar suna sayar da gishirin a ƙananan leda, dunƙule-dunƙule kamar ƙwai na tsuntsu. Kakanninsu sun yi ta loda shi a raƙuma zuwa tsaunukan Habasha su musanya da hatsi, kamar dai yadda ayarin Bilma da Fashi ke kawo mana kantu su koma da gero.

A kan hanyar Tajura na ga abin da ya fi komai tsaya mini a zuciya. Samari ne, wasu ba su wuce shekara goma sha biyar ba, suna tafiya a ƙasa a gefen kwalta, uku-uku, biyar-biyar, babu kaya sai gorar roba a hannu, wasu takalminsu ya tsinke. Direban ya ce 'yan Habasha ne, sun nufi Obok, inda za su shiga kwalekwale su ƙetara zuwa Yaman, ƙasar da ake yaƙi, da fatan isa Saudiyya. Ya rage gudu ya miƙa musu ruwan da ya tanada domin haka, ɗaya daga cikinsu ya karɓa da hannu biyu, bai ce komai ba, ya kafa kai. A Obok ɗin nan kuma akwai sansanin Markazi na mutanen Yaman da suka gudo tun 2015, wato a gaɓa ɗaya wasu na gudun shiga inda wasu suka gudo. Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar Agadas ya ga masu haramar Libiya ya san irin wannan kallo.

Tajura tsohon gari ne na fararen gidaje da masallatai a bakin ruwa, yana da sarkinsa na Afar har yau, bayansa kuma tsaunukan Goda ne inda dajin Day yake, ɗan abin da ƙasar ke da shi na kurmi. Na kwana a wani ƙaramin masauki, washegari na shiga jirgin fito zuwa babban birnin, tare da awaki da buhunan gawayi da motoci biyu. A nan na zauna kusa da wani dattijo, tsohon malamin makaranta, wanda ya ji Faransancina ya tambaye ni daga ina. Da hira ta yi nisa na ce, "Baba, yaya ake mulkin ƙasar nan?" Ya dubi hagu da dama, sannan ya ce, "Ɗana, tun da muka karɓi 'yanci ranar 27 ga Yunin 1977 shugabanni biyu muka yi." Na farko shi ne Hassan Gouled Aptidon, wanda ya miƙa wa ɗan'uwansa Ismail Omar Guelleh a 1999. An gyara tsarin mulki a 2010 aka cire iyakar wa'adi, kuma a zaɓen 2021, wanda manyan 'yan adawa suka ƙaurace wa, an ba shi fiye da kashi 97 cikin 100. Majalisa mai kujeru 65 tana hannun ƙawancen jam'iyya mai mulki, rediyo da talabijin da babbar jarida duk na gwamnati ne. Shugaban ƙasa daga Isa yake, wato reshen Somalawa, firaminista kuma bisa al'ada daga Afar, rabon da ya ƙara ƙarfi bayan yaƙin basasar da 'yan tawayen Afar na ƙungiyar FRUD suka fara a 1991, aka yi sulhu a 1994, aka kammala shi a 2001. Dattijon bai yabi gwamnati ba, bai kuma zage ta ba. Ya nuna arewa ya ce Iritiriya, ya nuna gabas ya ce Yaman, ya nuna kudu ya ce Somaliya, sannan ya ce mutanen da ke da irin waɗannan maƙwabta sukan yi haƙuri da abubuwa da yawa, masu mulki kuma sun san da haka.

Daren da zan taso, abokina ya gaya mini abin da ke hana manyan Jibuti barci. Habasha ta gaji da biyan kuɗin tasha da ake ƙiyasta ya haura dala biliyan ɗaya a shekara, tana neman wata ƙofar. DP World da aka kora daga Dorale ya je ya gyara tashar Barbara a Somaliland, yankin da ya ɓalle daga Somaliya, a watan Janairun 2024 kuma Habasha ta sa hannu a wata takardar fahimta da Somaliland a kan samun gaɓar teku, abin da ya tayar da ƙura a yankin duka. Ga kuma hare-haren 'yan Husi na Yaman a kan jiragen ruwa tun ƙarshen 2023, waɗanda suka sa manyan kamfanoni da dama suka koma zagaye ta kudancin Afirka. Ya ce ofishinsu ma ya fara tura wani ɓangare na kayansa ta Barbara domin gwaji, ko da yake hanyar ba ta kai ta Jibuti kyau ba, kuma babu dogo.

Na taso ta filin jirgin saman Ambuli, wanda titin tashinsa ɗaya ne da na sansanin Amurka, har sai da muka ɗan jira wani jirgin soja mai ruwan toka ya sauka kafin a ba mu hanya. Na kwana a Adis Ababa, na wuce Yamai, na iske saƙon wani ɗan kasuwa yana tambayar kwantenarsa ta shinkafa da ke jiran ayari a garin Kaya na Burkina Faso.